Cefanen Baƙo a Dogo-Dogo



Kowace shekara, in an gama kaka, akan rarraba malaman yaƙi da jahilci cikin ƙauyuka. Wasu ƴan gari ne, su ba su da damuwa. Wasu kuwa daga birni ake turo su. In ka zauna da irin waɗannan, za ka tarar ba allo ko alli ke damunsu ba. Tambayarsu ta farko ita ce, "Me ake ci a can?" Kada ka yi musu dariya. Na ga ajin da ya mutu saboda wannan tambaya. Malami ya zo ya yi wata guda, cikinsa bai karɓi abincin wurin ba, ɗan abin da ake biyansa ya ƙare a kuɗin mota zuwa birni sayen shinkafa. Daga nan sai aka ji ya tafi ganin gida, bai kuwa dawo ba. Magidantan da suka fara iya rubuta sunansu sai suka koma dangwale da babban yatsa. Shi ya sa na ga ya kamata in ba ka labarin nawa zaman, ko kai malami ne mai jiran a tura ka, ko kuwa ɗalibi ne da za a kawo wa baƙo.

Ni ɗan Damagaram ne, a unguwar Zango na tashi. Na yi makarantar horon malamai ta Askiya Muhammad, daga baya aka ƙara mini horo a kan koyar da manya. A ƙarshen shekarar 2018 aka tura ni wani ƙauye cikin karkarar Dogo-Dogo. Dogo-Dogo tana cikin gundumar Dungas, wadda dā take haɗe da Magariya kafin a raba su a 2011. In ka yi kudu kaɗan ka shiga Najeriya, jihar Jigawa. Ƙasar rairayi ce mai itatuwan gawo, ana noma hatsi da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da yakuwa. Hausawa manoma da Fulani makiyaya suna zaune gefe da gefe.

A birni cefane ba ya bukatar tunani. Kasuwar Dole tana ci kullum. Ga mai tebur a kowace kusurwa, ga mai shayi da burodi tun asuba, ga mahauci har bayan isha. In uwargida ta ɗora tukunya ta ga babu tumatur, sai ta aiki yaro, kafin ruwa ya tafasa ya dawo. Mutumin birni ba ya ajiya, don kasuwa ce rumbunsa.

A ƙauye ba haka ba ne. Kasuwa sau ɗaya take ci a mako, kuma sai ka hau amalanke ko kabu-kabu, ko ka taka da ƙafa cikin rairayi. Abin da ka manta yau, sai wani mako. Ranar kasuwa ce mahauta ke yanka, don haka ranar ce ake cin ɗanyen nama. Ranar ce ake ganin albasa da tattasai da rake da rogo daga fadamun yankin Magariya. Ranar ce kuma ƴan tireda ke baza gishiri da sukari da sabulu da ashana da taliya, yawancinsu daga tsallaken iyaka. Babbar kasuwar da kowa ke magana a kanta ita ce ta Maigatari a Jigawa, wadda ke ci ranar Alhamis. Can ake kora shanu da raƙuma da tumaki, daga can kuma kaya ke shigowa. Abin da aka yi a Maigatari ranar Alhamis, a kasuwarmu za ka ji shi a mako mai zuwa.

Mai masaukina dattijo ne, Baba nake ce masa. Shi kuma Mushe yake ce mini, kamar yadda mutanen karkararmu ke kiran duk malamin lakkol. Daren jajibirin kasuwar farko ya kira ni zaure ya ce, "Mushe, gobe tare za mu tafi. Kada ka taya kome sai ka zaga kasuwa sau biyu. Zagayen farko na ido ne, na biyu na kunne. A na uku ake ciro kuɗi." Haka muka yi. Ya nuna mini inda ƴan hatsi ke zama, da inda matan Fulani ke jera ƙoren nono da man shanu, da rumfar mahauta. Ya koya mini cewa kayan miya da la'asar suka fi araha, don mai su ba ya son komawa da su gida, amma nama da hantsi ake saye tun ƙuda bai gaji da shi ba. Ya kuma ce in tsai da mutum ɗaya a kowace sana'a. Wanda ya san fuskarka shi ke yi maka gyara, shi ke ba ka bashi ranar da albashi ya makara. Na riƙe wannan, ban kuwa taɓa kwana da yunwa ba.

To, amma kada ka ɗauka sauran kwana shida babu ciniki. Akwai wata kasuwa wadda baƙo ba ya gani, don cikin gidaje take ci. Da maiɗakina ta iso bayan wata biyu, ita ta gano mini ita. Wannan gida ana matsar man gyaɗa da soya ƙuliƙuli. Wancan ana yin daddawa. Na gaba ana kirɓa fura, na bayansa ana tuyar ƙosai da safe, ɗanwake da hantsi. Matan aure ba sa fita kasuwa, ƴaƴansu ke ɗaukar talla, ko kuwa ka aika yaro da kwano. Babu allo a ƙofar gida, babu mai shela. In ba ka gaisa da mutane, ba za ka taɓa sanin gidan da za ka aika ba. A birni kuɗi kaɗai ke yin cefane. A ƙauye sai ka haɗa da gaisuwa.

Sai batun awo. A birni mun saba da kilo da lita. Nan tiya ce sarauniya. Tiyar hatsi takan kai kilo biyu da rabi, watau tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100. Amma tiya ba sikeli ba ce. Akwai mai tozo, akwai shafaffiya. Akwai mai awon da ke tare hatsi da hannu a gefen kwano, akwai wanda gindin kwanonsa ya sha duka har ya shige ciki. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Na sayi tiya tawa ta kaina, ina zuwa da ita kasuwa, ba wanda ya taɓa jin haushi. Mai kuwa da kwalba ake auna shi, tumatur da kashi, gishiri da ƙulli.

Kuɗi ma iri biyu ne. Da sefa ake biyana, amma a wannan yanki na bakin iyaka naira ta fi yawo a hannun mutane. Sefar kanta da dala ake ƙirga ta. Dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500, dala ɗari biyu kuwa jika guda, watau sefa 1000. Saboda haka kafin ka sayi tiyar wake sai ka yi lissafi uku: daga lambar da ke jikin takarda zuwa dala, daga dala zuwa naira, sa'an nan ka tuna yadda ƴan canji suka tashi a wannan mako. Na ga tsofaffin da ba su san harafi ko ɗaya ba suna yin wannan lissafi da ka, kafin ni in gama neman alƙalami.

Zaman bakin iyaka yana da daɗi, yana kuma da ɗaci. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba 2020. A farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda sauya naira 200 da 500 da 1000. Mutane da yawa a nan suna da tsofaffin takardu a ƙarƙashin tabarma, ba su da asusu a banki, suka rasa inda za su kai su. A tsakiyar wannan shekara darajar naira ta faɗi ƙwarai, mai ajiya da ita ya ga kuɗinsa suna narkewa kamar gishiri a ruwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma aka sake rufe iyaka, sai cikin Maris 2024 aka buɗe. Duk lokacin da aka yi haka, kayan tireda ke fara tashi, taliya da sukari da garin rogo da man girki. Dattawa sukan ce ba yau aka fara ba. Yunwar 1984, wadda ta zo daidai da wata rufe iyakar, har yau El Buhari suke kiranta. Abin da na lura shi ne, gidan da ya dogara ga rumbu da abin da ƙasa ke bayarwa, girgizar ba ta kayar da shi kamar gidan da ya dogara ga leda da gwangwani.

Yanzu bari mu zo kan abincin kansa. Ni da na saba karyawa da shayi da burodi, in ci shinkafa da rana, sai na tarar nan hatsi ne safe da rana da dare. Da safe kunu ko koko ko ɗumamen tuwo. Da rana fura. Da dare tuwon hatsi ko na dawa da miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa. A birni fura abin marmari ce, akan sha ta bayan an ƙoshi. A nan ita ce abincin rana ɗungum. Makon farko, in na sha ta da azahar, kafin la'asar cikina na kuka. Inna, uwargidan Baba, ta ce, "Ɗana, ai kai kana shan fura kamar mai shan magani. Zauna ka dama da kauri, ka sa nono sosai, ka sha da ludayi a hankali." Bayan wata guda jikina ya karɓa. Yau ina iya shan fura da hantsi in yi tafiyar sa'a biyu cikin rana ban ji kome ba.

Da na ga wahalar da ke cikinta kuma sai na ƙara girmama ta. A sussuka, a sheƙe, a surfa, a wanke, a daka, a tankaɗe, a sa citta da kanumfari da barkono, a dunƙula, a dafa, a kirɓa, a cura. Duk wannan aikin mace ne, ga ɗiban ruwa, ga neman itace. Ko inda injin niƙa ya shigo, rabin aikin yana nan. Wannan ya sa muka mai da ajin mata bayan azahar, lokacin da turmi ya yi shiru. Malamin da bai san lokacin daka ba, zai zauna shi kaɗai da allonsa.

Kada wani ya ce maka abincin ƙauye abincin wahala ne. Hatsi ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Ganyen kuka da na zogale suna da abubuwan gina ƙashi da kare ido. Wake da gyaɗa da ƙuliƙuli da daddawa suna gina jiki kamar yadda nama ke yi. A nan na fara sanin daddawar batso, wadda ake yi da ƴaƴan yakuwa, don ni dā ta kalwa kaɗai na sani. Warinta ya fi ƙarfi, amma in ta shiga miyar kuka ba ka neman dunƙulen kanti. Inda matsala take shi ne wajen ƙananan yara. Tsararon kunu ba ya isar yaron da aka yaye. Sai an zuba masa garin gyaɗa ko na wake, ko nono, ko ɗan mai. Ruwan damun fura kuma ya zama mai tsabta, don zawo ba ya tambayar ko ɗan gari ne kai ko baƙo.

Kowane lokaci da nasa abinci. Da damina ga tafasa da rama da lalo da yaɗiya da zogale, a yi kwaɗo da ƙuliƙuli. Lokacin ne zabi ke ƙwai, nono kuma ya yi araha don shanu sun ƙoshi. Da kaka ga tumu, ga ɗanyar gyaɗa, ga sabon wake, ga fara soyayya da yaji. Da ɗari kayan lambu ke shigowa, tumatur da salati da kabeji da karas. Da bazara sai goruba da aduwa da abin da aka shanya. Wanda ya nemi ɗanyen tumatur a watan Yuli zai biya kuɗin nama. Wanda ya saye shi da ɗari, ya yanka ya shanya ya yi kauɗa, shi ke da jar miya duk shekara. Haka ake yi da kuɓewa da tattasai, haka ake dunƙula ganyen albasa a yi gabu.

Gidan da aka ba ni babu firji. Randa ke sanyaya mana ruwa. Don kayan miya kuwa, mun yi amfani da dabarar tukunya cikin tukunya. Za ka sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ka cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa inda iska ke bi. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa, shi ke janye zafin ciki. Ka riƙa ƙara ruwa safe da yamma. Wani malami a Jigawa, Muhammad Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka, har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Ta fi aiki da rani lokacin da iska ke bushe. Da ita tumatur da yalo da tattasai ke kai mu daga kasuwa zuwa kasuwa.

To, ya kai mai karatu, ga inda cefane ya haɗu da aikinmu. Da na fara aji, littafin lissafi yana cewa a tara biyu da uku. Magidanci mai ƴaƴa takwas ba zai bar hira ya zo ya tara biyu da uku ba. Sai na shigo da tiyata cikin aji. Muka fara rubuta kuɗin hatsi da na wake na kowace kasuwa a bayan littafi, kowa da hannunsa. Ranar da ta biyo bayan kasuwa ba a fashin aji, don kowa na son ya faɗi abin da ya jiyo. Da shekara ta zagayo muka jera lambobin a allo, daga kaka zuwa marka.

Ga irin lissafin da muke yi, da kuɗin misali. A ce da kaka ka sayar da tiya dala ɗari, watau sefa 500. Buhu mai tiya 40 ya ba ka jika 20. A watan Yuli rumbu ya ƙare, ga noma ya kankama, ka koma kasuwa ka tarar tiya dala ɗari da tamanin, watau sefa 900. Buhun nan ya zama jika 36. Hatsinka ne ka saya, ka ɗora jika 16 a kai. Kowane manomi ya san haka a zuciyarsa. Amma ranar da suka ga abin a rubuce, da hannunsu, ajin ya yi tsit. Wani ya ce, "Mushe, ashe shekara da shekaru ɗan kasuwa nake yi wa noma."

Ba wauta ke sa manomi sayarwa da kaka ba. Lokacin ne ake biyan bashi, lokacin ne ake aure, lokacin ne samari ke neman kuɗin mota su tafi cin rani. Lissafi ba ya kawar da waɗannan. Abin da yake yi shi ne ya nuna maka nawa za ka sayar, nawa kuma za ka bari. Mun ƙirga tiya nawa gida ke ci a yini, muka ninka da kwanakin da suka rage kafin sabon hatsi. Daga nan wasu suka ga gara su sayar da riɗi da gyaɗa ko ɗan akuya, su bar hatsi a rumbu. Wasu suka fara ajiye wake cikin buhun nan mai ciki uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa a ƙasashenmu tun 2007. In an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba, wake ya jira lokacin da zai yi daraja. Bankin cimaka ma, inda gari ke tara hatsi da kaka a sayar wa ƴan gari da sauƙi da damina, ba ya tsayuwa sai da mutanen da suka iya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Waɗanda suka ga yunwar 2005 a wannan jiha ba sa bukatar a yi musu dogon bayani.

Saura magana ɗaya, ita ce ta kyauta. Baƙo a ƙauye ba ya rasa ƙwarya a ƙofarsa. Wannan ya aiko da tuwo, wancan da ƙwan zabi, wani da damin hatsi in an yi girbi. Ka karɓa da hannu biyu, ka ci a gaban mutane, don ƙin cin abincin mutum ƙin mutumin ne. Amma ka tuna ƙwarya ba ta komawa wofi. In ka je birni ka riƙo goro ko sabulu ko dabino. Da marka kuwa, sa'ad da ka ga hayaƙi ya ragu a wasu gidaje, kai mai albashi kai ne ya kamata ka aika. Ka yi shi cikin sirri, ta hannun yaro, bayan magariba.

Ku kuma mutanen gari, in an kawo muku malami, kada ku bar shi da ɗaki da tabarma kawai. Ku sami dattijo ya raka shi kasuwar farko. Ku gaya masa gidan mai, da gidan fura, da rijiyar da ta fi ruwa mai kyau. In kun ga ya kasa cin tuwo a makon farko, ba raini ba ne, ciki ne bai saba ba. Ku yi masa haƙuri wata guda. Malamin da ya ƙoshi shi ke zama, wanda ya zauna kuwa shi ke kai aji ƙarshe.

Ɗan'uwana malami, in takardarka ta fito, ka sayi tiya da ɗan littafin rubuta farashi tun kafin ka hau mota. Ka tafi da yawan gaisuwa da yawan tambaya, don matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa rumbunanmu su kai mu sabon hatsi.